Wayar da Babu Kati

Karo na goma sha ɗaya ke nan Dionisia tana zama a kan bencin nan na kotun birnin Pucallpa. Kwana uku take yi a kwalekwale kafin ta iso, kuma kullum maganar ɗaya ce: babu hujja.

Shekara huɗu ke nan da aka tsinci gawar mijinta a bakin rafi, harsashi biyu a baya. Shi ne shugaban masu gadin dajin ƙauyensu na ƙabilar Ashaninka. Kowa ya san aikin yaran Don Rufino ne, mai yankan katako. Amma wai alƙali ba ya aiki da "kowa ya sani".

Abin da ya fi ci mata rai shi ne wayar. Mako guda kafin kisan, mijin ya ɗauki bidiyon Don Rufino tsaye a kan kututture, yana rantsuwa sai ya ga bayansa. Da idonta ta kalla. 'Yan sanda suka ɗauke wayar daga jikin gawar, da aka kawo ta kotu sai ga ta wayam, babu katin memorin da bidiyon ke ciki. To wa ya cire, aljanu? Ta kira sajan da ya ɗauke wayar ɓarawo a gaban idonsa, ta maimaita a rediyo, har sai da aka ɗauke shi daga garin. Kati dai shiru.

Ita kam ta sauke nata nauyin. Duk abin da ake yi wa mamaci ta yi wa mijinta, ba ta rage ko ɗaya ba, sannan ta kwashe 'ya'yanta suka kafa sabuwar bukka can gaba. Saura na hukuma, ita kuwa hukuma ba abin da ta iya sai ɗage zama.

Yau da safe Maribel, lauyar gwamnati, ta fito mata a mutum: in aka tashi zaman nan ba sabuwar hujja, sallamar Don Rufino za a yi. Ga shi can cikin farar riga yana fifita da hula, ko a jikinsa. Dionisia ta ji kamar ta shaƙe shi.

Ana haka sai ga Eusebio yana ɗingishi. Ƙanen mijinta ne, tare aka harbe su, ya tsallaka Brazil da harsashi a cinya, ba a sake jin ɗuriyarsa ba sai da Maribel ta nemo shi. Ya ce shi bai ga fuskar kowa ba, ta baya aka buɗe musu wuta. Da ya ji zancen kati sai ya yi turus.

"Matar yaya, wane ɗan sanda kuma? Ai Yaya ne ya cire da kansa, bai yarda da su ba. A gabana ya ɗinke shi cikin bakin tsohuwar rigarsa ta saƙi, ya rataye a ɗaki. Ya ce zai gaya miki." Ya dube ta da kyau. "Bai gaya miki ba?"

Maribel ta miƙe zumbur, murna har kunne. "Mama Dionisia, ina rigar take?"

Ashaninka ba sa barin kayan mamaci, kada kurwarsa ta dawo nema, kuma rigar nan ita ce ta farko da Dionisia ta jefa da hannunta ranar da ta cinna wa bukkarsu wuta.