Kan Zabo

Malam, rataye bulalar nan ka ji wani misali. Ni dai tun a aji huɗu muka yi hannun riga da boko, amma a sanin halin yara ba a haifi wanda zai ja da ni ba.

A wata makarantar ƙauye an yi wani yaro da makero ya ci masa kai. Uwarsa ta kai shi wurin wanzami aka yi masa tal-kwabo, ta bi tabon da maganin nan mai ruwan shuni, ɗigo-ɗigo. Yana shiga aji wani dogon yaro, mai tsaron gidan ƙwallonsu, ya miƙe ya ce, "Jama'a, a watsa gero, zabo ya iso!" Aji ya ɗauka. Duk inda ya gifta sai kukan zabi. Uwar ta sa masa hula, suka fizge suka cilla ta kan darbejiya. Yaron da a da bakinsa ba ya rufuwa ya koma bayan aji ya yi tsit, ɗumamensa yana komawa gida yadda ya zo da shi. Kullum da safe sai ciwon ciki, amma ranar Asabar garau. Har uban ya fara cewa gara ya bar karatun ya bi shi gona. Malaminsu ya zane masu tsokanar. Suka yi shiru a aji, suka tara wa yaron a hanyar gida, har da ƙarin laifin kai ƙara.

Shi malamin nan irina ne, ba ya rasa dabara. Ya zauna ya lura cewa ba mai fara kukan zabi sai dogon nan ya buɗe baki, sauran amshi kawai suke yi. Sai ya tafi wurin wanzamin, aka sauke masa suma ƙwal, ya sa matarsa ta ɗiɗɗiga masa maganin tana dariya har da hawaye. Da safe a gaban layi ya cire hula, rana ta haska. Ya ce daga yau sunan ƙungiyar ƙwallon makaranta Zabi, kuma ba mai taɓa ƙwallo sai mai kan zabo. Ya miƙa wa yaron ƙwallon, ya ce ga shugaba, tunda ya riga kowa shiri. Ranar su biyu suka yi ta bugawa a fili, dogon yana gefe yana haɗiyar yawu. Washegari sai ga shi da aski, kai duk bular wankin uwarsa, yana sunkuyar da kai yana cewa, "Shugaba, a sa ni a gida mana." Kafin mako ya zagayo wanzami ya gaji da wasa aska, iyaye mata suna ɓoye bula a ƙarƙashin gado. Yaron kuwa ciwon ciki ya bi iska, ɗumame ba ya isarsa. Da makeron ya warke, har kuka ya yi wai a ci gaba da shafa masa.

To Malam, kafin ka gaji da dukan garke, duba wa ke gaba, in ya ƙi kai ka shige gaban. Hausawa sun riga ni faɗa, ko da yake da kaɗan: inda saniyar gaba ta sha ruwa, nan ta baya take sha.