Direban da Ya Ce Ya Warke

Tun da likita ya miƙa masa katin nan, direban motar makaranta bai sake samun sukuni ba. Ya sa shi a aljihun gaba, ya mayar da shi na baya, ya sake cirowa ya cusa ƙarƙashin kujerar mota. Ɗan ƙaramin kati ne, amma an rubuta a kansa ɓaro-ɓaro: ciwon kitsen hanta.

"Likita, ni fa ko ƙanshin giya ban sani ba," ya ce ranar, kamar wanda ake tuhuma.

"Na yarda," in ji likitan. "Da yawa masu wannan ciwo ba su taɓa kurɓa ba. Naka yana tafe da sukarin da ya ɗan hau maka. Ka rage zaƙi, ka riƙa tafiya a ƙasa, ka zo mana Talatar farko ta kowane wata. In ka kula, za mu tare shi."

To, Talata da safe lokacin kwaso yara ne. Dokar makarantar kuwa, duk mai neman izinin zuwa asibiti sai ya maƙala katinsa a jikin takardar neman izini, ya ajiye a faifan da ke kan teburin sakatare. Katin ya wuni a faifan nan. Kafin a tashi, har mai shara ya san abin da ke cikin hantar direba.

Mai gadi ne ya fara. "Na-Kitse, in buɗe maka ƙofa ɗaya ko biyu?" Aka kwashe da dariya, direban ma ya yi yaƙe. Sunan ya bi shi.

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Ranar Alhamis shugabar makaranta ta kira shi ofis. Ta karɓi filas ɗin shayinsa, ta buɗe, ta sansana a gabansa.

"Malam direba, kar ka ɗauka da wata manufa. Iyaye ne suke ta kira. Ka san dai hanta ba ta lalacewa haka kawai."

"Ranki ya daɗe, shekarata goma sha huɗu da motar nan. Ko madubi ban taɓa fasawa ba."

"Na sani. Amma 'ya'yan mutane ne."

Daga nan komai ya zame masa abin zargi. Wata uwa ta riƙa zuro kai ta tagar mota tana jan gaisuwa, sai daga baya ya gane numfashinsa take shaƙa. In ya yi hamma, a dube shi. In ya taka birki da ƙarfi, a dube shi. A gida ba ya iya zama. Ya fita ya goge motar da ya riga ya goge, ya dawo, ya tsaya bakin ƙofa, ya sake fita. Abin ya ci masa rai ƙwarai, don mutumin da ba shi da gona ba shi da shago, sunansa ne jarinsa.

A wata na huɗu bai rubuta takardar izini ba. Ya tsaya a tsakiyar ɗakin malamai ya ce, "Likita ya sallame ni. Na warke sarai."

Aka yi masa barka. Shugaba ta daina taɓa filas ɗinsa, mai gadi ma ya gaji da sunan. Sai dai wanda ya ce ya warke ba ya sake neman Talata.

"Baban yara, yau fa ranar asibitinka ce," matarsa takan ce.

"Kin fi son a kore ni?"

"Na fi son ka rayu."

Yakan ɗauki mukulli ya fice.

Shekara shida ya yi a haka. Gajiya ta zo, ya ce aiki ne. Ƙaiƙayi ya zo, ya canja sabulu. Ƙafafu suka kumbura, ya sassauta igiyar takalmi. Da idanunsa suka soma yin rawaya, ya sayi baƙin tabarau. Ya san abin da ke damunsa, amma ya fi jin tsoron faifan sakatare.

Wata safiya, mota cike da yara, kansa ya ɗaure. Kwanar da ya shekara ashirin yana shanta ta ɓace masa. Ya zagaya shataletale sau uku, sannan Allah ya taimake shi ya gangara gefen titi ya kashe mota. Daga nan aka wuce da shi asibiti.

Likitan ya daɗe yana duban hoton hantar. "Ta yi tabo, ta ƙanƙance. Wannan ba ya komawa yadda yake, sai dai mu lallaɓa. Da ka ci gaba da zuwa, da wuya mu kai nan. Tuƙi kuwa, ka yi haƙuri, ya ƙare."

Matarsa ce ta mayar da mukullin motar makaranta. Tana fitowa daga ofis ta ji ana faɗi a ɗakin malamai: "Ai dama mun faɗa. Mai sha ba ya ɓoyuwa."

Da ta koma asibiti, yana ta juyi a kan gado. Ya riƙo hannunta.

"Me suka ce?"

"Sun ce Allah ya ba ka lafiya."

Ya dubi fuskarta, ya saki hannun, ya juya ya fuskanci bango.

Mai karatu, sunan ciwo ba shaidar halin mutum ba ne, kuma kitsen hanta yana kama wanda bai taɓa shan giya ba. Tsegumi da zolayarmu na iya korar majiyyaci daga asibiti. Kai kuma mai ciwo, kada kunyar mutane ta raba ka da likitanka.