Baitin da Take Tsallakewa

Wata huɗu ke nan da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa mijinta magana, shi da ya shekara talatin yana jagorantar mawaƙan coci. Da safe tana aske masa gemu a bakin ƙofa, tana rera waƙar yabon da take wanke-wanke da ita tun tana amarya. Ta gama baiti na biyu ta faɗa na huɗu, kamar kullum.

A da, ko wanka yake yi sai ya ɗaga murya: "Haba, maman yara! Ina kika jefar da na ukun?" Sannan ya rera mata shi.

Sai ta ji haɓarsa tana motsi a ƙarƙashin reza. Ta janye hannu. Baiti na uku ya fito a karkace, kalma bayan kalma, har ƙarshe.

'Yarsu ta fito daga kicin a guje, ludayi a hannu. "Baba ya yi waƙa! Mama, gara da kika manta baitin nan!"

Ta share masa kumfa a gefen baki, ta share idonta.

"Wa ya ce miki na taɓa mantawa? Nasa ne. Ajiye masa nake yi."