Karan da Ya Karye

A bayan gonarmu ta Birchi akwai ƙaton dutse da ya ɗare kan wani, ya karkato kamar zai faɗo. A inuwarsa muke shan fura. Baba kan tokare shi da karan dawa, wai in ya motsa karan zai nuna.

Ran nan da azahar muka tarar karan ya karye.

Baba ya daɗe yana jujjuya shi, sannan ya ce, "Akuya ce. Ɗauko ƙwaryar mu koma gindin tsamiya."

Ni dai ban ga sawun akuya ba, kuma ba mu sake zama wurin ba. Dutsen na nan har yau, amma in na biyo da 'ya'yana sai in ƙara sauri.