Garmar da Aka Sauya wa Ƙota

Zauna, Malam Tanimu, yau ba faɗa ya kawo ni shagonka ba. Faɗan na yi shi wata uku, tun ranar da kuka sauya wa kwamfutata babban allonta na ciki, ta dawo tana ce mini lasisin babbar manhajata na jabu ne, aka rufe mini ƙofar sabuntawa. Jiya kamfanin manhajar ya maido mini da lambar lasisina. Na zauna ina kallon gyare-gyaren tsaro suna sauka ɗaya bayan ɗaya, na yi hamdala. Amma ka yi shekara biyu a ajina, ka san ba na tashi daga darasi sai an gane shi. Saurari misali.

A wani gari an yi wani maƙeri da ya shahara da ƙirar garma. Duk wadda ya ƙera, sai ya gasa ƙarfe ya ɗana wa ƙotarta shaida, zane uku kamar sawun zabo. Alkawarinsa kuma ɗaya ne: kowace bazara, kafin ruwa ya sauka, mai garma da wannan shaida ya kawo ta a koɗa masa bakinta, a ɗinke inda ta tsage. Da jama'a suka yi yawa, sai ya zaunar da ƙaninsa a ƙofar maƙera, ya ce ya riƙa duba ƙota, mai shaida ya shigo, marar shaida ya koma. Akwai wani manomi da ya yi damina bakwai da garmarsa ta hannun maƙerin nan. A ta bakwai ɗin ƙotar ta karye a kan saiwar kuka, ya sassaƙo wata ta ƙirya ya sa, tsohuwar kuwa ya jefar a juji. Wani mutum ya tsince ta, ya ɗaure karayar da kiri, ya liƙa mata bakin da aka yanko daga tsohon durom. Da bazara ta zo, mai tsintuwa ya nuna sawun zabo aka ce ya shige. Manomi ya miƙa tasa, ƙanin maƙeri ya juya ƙotar gaba da baya, ya ce, "Baba, wannan ba tamu ba ce." Manomi ya ce, "Ƙota kuka ƙera mini ko ƙarfe?" Ya ce, "Ni dai ƙota aka ce in duba." Sau uku yana zuwa, sau uku ana maido shi. Ga hadari ya fara haɗowa daga gabas, ga bakin garma ya dakushe har ba ya iya tsaga ƙasa, kuma kowa ya san wanda huɗar fari ta wuce shi, rumbunsa ne zai ba da labari.

Rana ta huɗu manomi bai tsaya a ƙofa ba. Ya zagaya ta inda ake zubar da toka, ya ɗaga garmarsa sama, ya yi ta kiran maƙeri da ƙarfi har zuga-zugi suka tsaya. Maƙeri ya fito yana share gumi. Bai ko kalli ƙotar ba. Ya karɓi garmar, ya ɗora bakin a kan uwar maƙera, ya ƙwanƙwasa da masaba sau ɗaya. Ƙarfen ya yi amo mai tsawo. Ya shafa bayansa da babban yatsa, ya ji sawun dukansa, ya ce, "Wannan hannuna ne." Sai ya sa aka kawo ta mai tsintuwa, wadda ke jingine tana jiran layi, ya ƙwanƙwasa, ta yi ƙara kamar fasasshen kwano. Nan take ya zare ƙotar mai shaida ya cusa a wuta, ya miƙa wa mutumin gwangwaninsa a gaban jama'a. Ya koɗa garmar manomi da kansa, ya buga sawun zabo a jikin ƙarfen, inda ba ya karyewa balle a jefar. Kashegari aka yi ruwa mai yawa, manomi ya yi huɗarsa tare da kowa.

To, binciken lasisin nan shi ne mutumin ƙofa. Ban ce ba shi da amfani ba, don ba domin shi ba da maƙera ta cika da durom. Amma ƙota yake dubawa, shi ya sa ya kore ni ya shigar da wanda ma'aikacinku ya ɗora wa lambata daga tsohon allon da na bari a nan. Sai da na tura rasit da hoton kwalin manhajar, wani mai hankali a kamfanin ya ƙwanƙwasa ƙarfe. Yanzu abu biyu nake nema, kuma ba zan rage ko ɗaya ba. Ku kira mai waccan kwamfutar ku gaya masa gaskiyar abin da aka sa masa, tun da yau tasa ce ta daina karɓar gyara, kada a bar shi ba tsaro bai sani ba. Sannan ku rubuto mini takardar ban haƙuri, da kwanan wata da sa hannu, ba tare da kuskuren rubutu ba. Ni dai na yi huɗata. Ka gaya wa ma'aikacinka abin da Hausawa suka ce: rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.