Ɗaya Cikin Goma

Tun da yaƙin ruwa ya ɓarke a bakin iyaka, duk ranar ɗaya ga wata na'urar ofishin unguwa takan zaɓi mutum ɗaya daga kowane rukunin maza goma, a tura shi fagen fama.

Da hantsi Malam Mamuda, tsohon malamin tarihi, ya shiga layin jiran sakamako a ofishin tare da maƙwabcinsa Ilu mai gyaran keke. 'Ya'yansu, Lurwanu da Sallau, rukuninsu ɗaya. Tun jiya Malam bai iya cin abinci ba, ga matar Lurwanu da tsohon ciki.

"Malam, an taɓa yin irin wannan a duniya kuwa?" in ji Ilu.

"Rumawan dā sun yi, ga sojojin da suka gudu daga yaƙi. Ƙuri'a suke jefawa. Sun gane cewa mutum zai iya yi wa shugaba bore, amma ba ya iya faɗa da sa'a."

"To, namu 'ya'yan ai ba su gudu ba."

Nan take allon na'urar da ke bango ya kawo haske, suna ya fito: Sallau Ilu.

"Alhamdu lillahi," Malam ya ji bakinsa ya furta, da ƙarfi kuwa. Kunya ta rufe shi, ya kasa ɗaga kai.

Ilu ya daɗe yana kallon allon, sannan ya dafa kafaɗar Malam.

"Ba komai, Malam. Da ni ne ma, haka zan ce. Allah Ya tsare Lurwanu. Wata mai kamawa su tara ne."