Mai Duba Mini Fitilar Birki

Yayana Atiku ya rasu, yanzu ba ni da mai tsaya mini a bayan mota.

Fitilar birki mutum ɗaya ba ya duba ta. Sai wani ya taka, wani ya tsaya baya ya gani. Motarmu mai bodin katako ce, gyaɗa muke ɗauka tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma. Shi ya koya mini tuƙi. Tun kafin a sami mulkin kai ya miƙo mini makulli, ya ce bayansa ya gaji da gargadar hanya. Amma kullum da safe sai ya fito, ya dafa bodin, ya bi shi har baya. In taka, ya ce, "Ta kama, Lado. Allah ya tsare." In tafi.

Ran nan da hantsi ya fita zuwa gonarsa ta wajen Rawayau. A kan turbar da ya saba bi an fara haƙa rijiya a makon, ba a ɗaure bakinta ba. Mata masu sussuka sun gan shi. Sun ce bai tsaya ba, bai waiga ba, ya miƙe ya shige ciki kamar mai shiga ɗakinsa.

A zaman makoki ba wanda ya faɗa da ƙarfi, amma na ji. Wai rana a sama, rami kamar rumbu, yaya mutum zai faɗa in ba da niyya ba? Wani ya ce ai dama ya daina zuwa kasuwa. Wani ya ce ko gaisawa ake ba ya kallon mutum, Alƙur'aninsa ma ya daɗe a rataye cikin gafaka. Dattawa biyu na unguwarmu ba su zo sallar gawa ba. Ban yi kuka ba, ban yi musu da kowa ba. Ni ma ban san amsar ba.

Da aka watse na koma aiki. Kafin in yi lodi na biya garejin Ɗanmaraya makaniki, na ce ya tsaya mini baya.

"Taka."

"Na taka."

"Da ƙafar sauro? Taka, malam."

"Har ƙasa na taka."

"To ko jan garwashi babu."

Ya sake ƙwan fitila, ba ta kama ba. Ya zaro fiyus ya ɗaga shi a rana, lafiyarsa lau. Ya kwanta ƙarƙashin mota ya gwada makunnin da ke jikin birki, shi ma yana aiki. Sai ya kama waya ya riƙa bin ta da hannu, yana ja da baya, yana tsine wa ɓeraye. Kusa da tayar baya ya tsaya.

"Lado, sauko ka ga ikon Allah."

Na durƙusa. Wayar a gutsure take, bakinta ya yi kore. Zanzaro ya yi gida a kai, 'ya'yan sun fashe sun fita, wani ya zo ya gina sabo a kan tsohon.

"Wannan ba ta jiya ba ce," in ji shi, yana dariya. "In ba ta ci damina biyu a haka ba, in bar sana'ar in koma tallar rake. Kai wa ke duba maka fitila?"

Ya dubi fuskata, dariyar ta tsaya.

Ya kankare bakin wayar ya haɗa, ya naɗe, ya hau ya taka da kansa. Jan haske ya faɗo a kan gwiwoyina. Ban tashi ba.

Ran Juma'a zan tari dattawan nan biyu a ƙofar masallaci, in faɗa musu abin da na gani. Ku kuwa ku taya ni roƙon Allah ya gafarta wa Atiku, ya haskaka masa kabarinsa, domin yayana makancewa ya yi, ya ɓoye mana har ya koma ga Ubangijinsa.